Buhunan Yashi a Garejin Yaya

Ranar sadakar uku ta Yaya, wan mijina, ina zaune a tsakar gida cikin mata ana raba shayi da gumba, sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta nan Sabangali ta gyara lafayar da ta yafa, ta sauke murya irin yadda mutum yake yi in yana so kowa ya ji, ta ce, "Allah ya jiƙansa. Allah kuma ya yafe masa abin da ya yi lokacin yaƙi."

Mata suka ce amin. Na saurari amin ɗin nan da kyau. Akwai amin ta addu'a, akwai amin ta "ai mun sani".

Matar jikansa, yarinya ce, ba ta daɗe da zuwa daga Nijar ba, ta ce, "Me ya yi?"

Aka harare ta. Amma an ji daɗin tambayar. Wata ta ce, "Ai shi bai gudu ba." Wata ta ƙara, "Gari ya watse kaf, shi yana nan, ko ƙwarzane babu." Sai ta farkon ta ajiye kofinta ta ce, "An ce har sunayen mutane yake rubutawa."

A waje kuwa, wajen maza, liman yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri mai riƙon salla. Abin da ake faɗa a kan kowa.

Ni ban ce komai ba. Ba kunya ce ta hana ni ba, kowa ya san ba ni da wannan ciwon. Abin da ya rufe mini baki, na san inda zancen sunayen nan ya fito. Daga bakina ya fito. Ni na ɗauko shi, ni na kai shi bakin famfo, tun ba a haifi uwar yarinyar nan mai tambaya ba. Ga shi an binne mutum, zancen yana zaune a gidansa yana shan shayi.

Shi ya sa na ɗauki biro. Karatun nan da furfura a kaina na koye shi, a ajin tsofaffi da ake yi bayan la'asar, kuma layina gangarawa yake kamar mai zuwa kogi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo ya gaya mini.

Yaya bakanike ne. Mijina da ubansu da kakansu duk nama ne sana'arsu, shi kaɗai ya ajiye wuƙa ya kama sufana. Dogo ne siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, saboda haka a karkace yake sauraron mutum, kamar bai yarda da abin da kake faɗa ba. Kuma bai yarda ɗin ba. Ban taɓa ganin marar yarda irinsa ba, in an cire ni. In ka kawo masa mota ka ce ga abin da ke damunta, sai ya ce, "Ita ta gaya maka?" In ka kawo masa ƙarfe sabo fil a kwali, kwalin zai fara shinshinawa. Man mota kuwa sai ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya kai hanci, wani lokaci har ya taɓa a harshe. Matarsa tana cewa ko miyarta haka yake yi mata, shekara da shekaru, sannan ya ci ya suɗe kwano bai ce ta yi daɗi ba.

Matan unguwa suna kai masa keken ɗinki da fitila da risho. Zai gyara, ba ya karɓar komai, amma sai ka ji a jikinka. "Wa ya kwance wannan? Kada ki ce ba kowa. Ga sawun wuƙar girki nan."

Tsakanina da shi kunya ce, yadda aka saba tsakanin mace da wan mijinta. Ba ya shiga ɗakina, ba na cin abinci a gabansa. In yana da magana da ni, sai ya tsaya a zaure ya gaya wa bango. "A gaya wa Amarya akuyarta ta shiga gareji." Ni kuwa ina tsaye taku biyar daga shi. Amarya yake ce mini tun ranar da aka kawo ni, har na yi jikoki, har haƙorana suka fara sallama.

Sai yaƙi. Ba zan ba da labarin yaƙin ba. Ban san wa ya fara ba, waɗanda suka ce sun sani kuma ban yarda da su ba. Abin da na sani, gari ya rarrabu, kowace unguwa da masu bindigarta, kombatan muke ce musu. Yau waɗannan ne a bakin titi, jibi wasu, kayan jikinsu duk iri ɗaya.

Mijina yana da akori-kura, da ita yake ɗauko nama daga mayankar Farsha yana rarraba wa mahauta. Wata safiya yana sauke kaya kusa da kasuwa bam ya faɗo. Ƙafarsa ta hagu aka yanke daga gwiwa. Ƙafar taka kuloci. Mota ta zauna a ƙofar gida, shi ya zauna a ɗaki. Mutumin da in yana dariya ana jin sa daga gida na uku, ya koma sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa. Mu kuma ga yara biyar, ga Inna uwar mijina, tsohuwa da ba ta iya tafiyar da ta wuce ƙofar gida.

Da aka ɗan tsagaita harbi, Yaya ya zo da mutum biyu suka tura motar zuwa garejinsa. Bai ce da ni komai ba, ko ta bango. Tun daga nan na fara zarginsa. Don a lokacin garejin nan kullum akwai motar kombatan a ciki. Duk waɗanda suka riƙe unguwa, shi suke kawo wa gyara. Suna zaune a kan benci da bindigogi a cinya, yana ƙarƙashin motarsu.

Bayan kwana biyu ya aiko a kira mijina. Wai akwai wani irin akwatin giyar mota da yake canja giya da kansa, ba kuloci, ƙafa ɗaya ta isa. Ya ciro shi daga wata motar Turawa da aka bari a unguwar Kabalai lokacin da aka kwashe su. Jikin motar ya rugurguje, akwatin lafiya lau. In ya haɗa shi da injin akori-kura, ƙaninsa zai koma tuƙi.

Mijina ya ɗauki sandunansa ya tafi. Washegari ma ya tafi. Ranar ta uku na ji yana yi wa yara faɗa a kan takalminsa, na ce alhamdulillahi, mutum ya dawo. Ni nake kai musu abincin rana, a nan na ga tukwanen.

Tsakanin inji da akwatin nan akwai wani abu da suke ce wa kwambatisa, bakin Faransa. Ni tukunya nake ce mata, don da tukunyar ƙarfe ta yi kama, wadda aka liƙe bakinta aka cika ta da jan mai. Ita ce a madadin ƙafar da aka yanke. Inji yana juya man, man yana juya mota. Guda uku Yaya ya tattaro daga motocin da aka watsar, ya jera su a kan tabarma kamar 'yan mata an zo gani. Ƙarama mai sheƙi, matsakaiciya, da wata babba baƙa da tsatsa a gindinta.

Ya ɗauki matsakaiciyar ya girgiza a gefen kunnensa mai ji. Wani abu ya yi kacau-kacau a ciki. Ya mirgina ta da ƙafa can gefe. "Wannan ta haɗiye haƙoranta."

Saura biyu. Mijina ya nuna ƙaramar da sandarsa. Shi tun yana saurayi gudu yake so.

Yaya ya ce, "Wannan sai ta bar inji ya yi ihu tukuna kafin ta kama, sannan mota ta zabura kamar an tsikare ta. Daɗi a kan kwalta, in kai kaɗai ne a ciki. Amma duk ihun nan zafi yake komawa a cikin mai. Babbar tun inji yana gunaguni ta kama. Ba ta zabura. Ja take yi."

Mijina ya ce, "Haba Yaya. An yanke mini ƙafa, kuma a ɗora ni kan jaki?"

"Me za ka ɗauka?"

"Nama mana."

"Nama kawai?"

Sai Yaya ya kalli bencin da kombatan biyu suke zaune, ya kalle ni ta gefen ido, ya ce a zuba abinci.

Daga ranar tambayoyi suka fara. Ya tsaya a zaure. "A tambayi Amarya, dutsen niƙanta mutum nawa suke ɗaga shi?" Kashegari, "A tambayi Amarya buhun gero nawa ya rage." Jibi, "Kwanukan samira da ke ɗakinta, akwati nawa za su cika?" Wata rana ya shigo har tsakar gida, ya riƙa ɗaga yarana ɗaya bayan ɗaya ta hammata yana ajiyewa, yana motsa leɓe. Mutumin da bai taɓa wasa da yaro ba, ko nasa. Da ya gama da su sai ya dube ni. Daga ɗankwali har tafin ƙafa. Wan miji! A lokacin kuwa ina da jiki, ba zan ɓoye ba, kujera tana jin zuwana.

To ku da ba ku ga lokacin ba, ku sani. A layinmu kaɗai gida biyu aka shiga, kuma ba bincike aka yi ba, kai tsaye aka je inda aka binne kaya aka tona. Wani ne yake faɗa. Kowa yana kallon kowa. Ga mutum kuma, kombatan a garejinsa safe da yamma, yana tambayar abin da ke ɗakina. Ke da ke karantawa, da ke ce me za ki ce?

Wata Juma'a na kai abinci tare da babbar 'yata, duk sun tafi masallaci. Na ce bari in duba. Ni ba na jin kunyar dube-dube. A bayan garejin na ɗaga wani tamfol, sai ga buhuna a jere, manya da ƙanana, cike da yashi, an ɗaure bakinsu. Kowanne da rubutun ajami da gawayi. Jerin nan sak jerin kaburbura.

Ni a lokacin ko alif ban sani ba. 'Yar ta yi allo. Na ce, "Karanta."

Ta karanta na farko. Inna. Na biyu, sunanta ita kanta. Na uku sunan ƙanenta. Wani ɗan ƙarami a gefe, Auta. Ta zo kan wani babba da aka cika har wuya ta ce, "Amarya." Kusa da shi akwai wani rabin buhu, ya jingina da shi.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta kau da kai.

"Karanta, don ubanki!"

"Sauran Amarya."

Ban bari ta karanta na gaba ba. Akwai wasu buhunan, ban bari ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, sauran duk 'ya'yansa ne.

Na zauna a bakin gareji har suka dawo, shi da mijina da wasu kombatan uku da suka biyo su. Shekara goma sha shida ina ce masa "ku". Ranar na ajiye.

"Kai! Me muka yi maka? Ɗan'uwanka ya rasa ƙafa, motar kake so? Ɗauke ta! Sai ka rubuta mu a ƙasar kabari? Har Inna, uwar da ta haife ka? Har ɗan da bai daɗe da barin nono ba? Ni kuma ka raba ni biyu, wa za ka ba rabi?"

Mijina yana cewa, "Ke, kama bakinki," ina ƙara ɗaga murya. Kombatan ba sa jin Hausa, amma sun ga mace tana kumfar baki, suna ta dariya suna tafa cinya.

Yaya ya juyo mini da kunnensa marar ji. Da gangan, na gani. Ya fuskanci bango ya ce, "A gaya wa Amarya yashin kogi ne, ba na maƙabarta ba. A kuma gaya mata ta rage kwanuka."

Iyakarsa ke nan. Ya cire babbar riga ya shiga ƙarƙashin mota.

Daga nan bakin famfo na wuce, inda mata suke layin ruwa. Na ce ga abin da na gani da idona. Kafin magariba buhunan sun zama ɗari, yashin ya zama na maƙabarta, sunayen sun zama na duk unguwa, kuma wai kombatan yake kai wa. Wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce leƙen asiri ne. Mata suka daina kai masa keken ɗinki. A masallaci aka fara barin fili a gefensa.

Sai kuma ƙaramar tukunyar nan mai sheƙi ta ɓace daga kan tabarma. Bayan kwana kaɗan na ga inda ta tafi. Akwai wani babban kombatan mai farin rawani, irin wanda suke ce wa kadamul, yana da wata doguwar mota da ya ƙwace, mai irin akwatin nan. Na ga motar ta fito daga garejin Yaya ta yi ihu ta zabura, kaji suna watsewa. Na ce to ga shi. Mai kyau ta tafi wajen mai bindiga, mai tsatsa ta ɗan'uwa ce. Wannan ma na kai bakin famfo.

Ranar da zai saka babbar ina wurin. Ya cika ta da jan mai, man da ake nema ido rufe a garin, ban san inda ya samo ba, kuma na yi zargi a kan wannan ma. Ya ɗora ta yana juyawa a hankali yana turawa, kunne a jiki. Ƙas. Ya ci gaba. Ƙas. Mijina ya ce kalas, shi ke nan, ta zauna. Yaya bai ko kalle shi ba. Ya daɗe yana juyawa, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Ƙas. Sannan ya miƙe. "Uku ne. In ka ɗaure a biyu, ranar da ka tayar ranar ta mutu."

Lafawar ba ta daɗe ba. Harbi ya dawo, wanda ya fi na da. Kwana huɗu muna kwance a ƙasan ɗaki. Ranar ta biyar da hantsi aka ɗan yi shiru, sai ga Yaya a zaure. Wannan karon bai nemi bango ba, ya ce, "Ku fito."

Mota tana ƙofar gida, an turo ta. Maƙwabta biyu suka kama bayanta za su tura ta ta tashi, yadda muka saba da kowace mota a garin nan. Ya daka musu tsawa. "Kada wanda ya wahalar da kansa! Wannan ko zuwa Makka kuka tura ta ba ta tashi." Ya shiga ɗakin Inna ya jawo batir daga ƙarƙashin gadonta. Ashe wata guda tana kwana a kansa, kuma tsohuwar nan ba ta gaya mini ba.

Ya riƙa nuna wa kowa wurinsa. Inna a gaba. Dutsen niƙa nan, gero nan. Yaran nan biyu a tsakiya. Matarsa da 'ya'yansa biyu ga su sun zo da ƙullinsu, su ma ya nuna musu. Akwatin kwanukana biyu, ya sauke ɗaya ya ajiye a zaure. "Amarya a kan tayar baya, ta dama. Kada ta matsa."

Bai yi shawara ba, bai ce a gwada nan ko can ba. Kamar mun taɓa zama a wuraren nan. A nan abin ya fara shiga kaina, amma ban bari ya shiga duka ba.

Na ƙirga mu. Goma sha ɗaya. Ba sauran wurin da mutum zai sa ɗuwawu. Shi yana tsaye a ƙasa yana goge hannu da tsumma.

Na ce, "Ku fa?"

Ya ce wa ƙofar mota, "A gaya wa Amarya ni ba ni da buhu."

Mijina ya murza makulli, ya taka da ƙafarsa ɗaya, motar ta yi gunaguni ta ja.

A bakin gada akwai shinge. A gabanmu ana sauke mutane ana karɓe motoci, kowa ya ci gaba da ƙafa. Na kalli Inna, na kalli sandunan mijina. Wani kombatan ya zo ya leƙa mu, ya zagaya, ya ga wata alama da aka yi da fenti a ƙofar direba, wadda ni ban lura da ita ba. Ya ce wa ɗan'uwansa da Larabci, ta bakaniken ce. Ya ɗaga mana hannu, "Amshu." Ku wuce.

Kun san abin da na ce a raina? Ba alhamdulillahi na fara cewa ba. Cewa na yi, ai ga shi, nasu ne.

Da muka wuce unguwar Waliya muka bar kwalta muka nufi bakin ruwa inda masu kwalekwale suke tsallakar da mutane zuwa garin Kusiri, can hayi. Yashi ne zalla. Motoci sun kafe nan da can, mutane suna zubar da katifu, wata motar tana hayaƙi. Tamu ba ta zabura ba, ba ta yi ihu ba. Tafiya take kamar tsohuwa mai tulu a ka, mai ƙafa ma zai iya wuce ta, amma ba ta tsaya ba. Ƙarfen ƙasa ya yi zafi har ina ɗaga ƙafa. Mijina yana yi mata magana kamar saniya, "Haka, haka, 'yar albarka." Da muka isa bakin ruwa ya sa aka buɗe gaba, ya zaro ƙarfen awon mai, ya murza a yatsa, ya kai hanci, sak Yaya. Ya ce, "Ja ne. Bai ƙone ba." Sai ya zauna a yashi ya rufe fuska da hula.

A can hayi ya ba ni labari. Wai buhunan nan suke lodawa su tafi bakin kogi wajen yashi, su ce wa masu tsaro yashin gini ne. Yaya yana tafe a gefen mota, kunne a jikin ƙarfe. Ƙaramar ya fara sakawa, don ƙaninsa ya gani da kansa. Ba su yi nisa ba man ya fara warin gyaɗar da ta ƙone. Ya sauke akwati gaba ɗaya, aikin kwana biyu, ya sa babbar, ya ƙara mata ragar sanyaya mai da ya ciro daga wata motar. Buhu goma sha ɗaya da rabi, ban da na kaya. Na matarsa da 'ya'yansa su ne waɗanda ban bari a karanta ba.

Na ce, "Kai kuma ka bar ni ina haushi a titi?"

Ya ce, "Ya sa na rantse. Ya ce in kin ji, Sabangali ta ji."

Ban yi gardama ba.

Da muka dawo, bayan gari ya lafa, yana nan a garejinsa. Ya ƙara ramewa. Yatsunsa biyu na hannun dama sun lanƙwashe, ba su ƙara miƙewa ba har ya mutu. Masu cewa ko ƙwarzane babu, fuskarsa suke kallo, ba su taɓa karɓar abu daga hannunsa ba. Wani mai shayi da shi ma bai gudu ba ya ce mai farin rawanin nan ne ya yi masa haka. Wai motarsa ta dafa man cikinta a yashi can arewa, ya dawo a ƙafa ya sa gindin bindiga. Ya kuma ce dama sharaɗin ke nan tun farko: bakanike ya zauna yana musu gyara, iyalinsa su wuce gada. Mai shayin nan maƙaryaci ne, na san shi. Amma yatsun ba shi ya ƙirƙiro su ba.

Mijina ya taɓa tambayar Yaya zancen ƙaramar tukunya. Ya ce, "Shi ya nema. Na gaya masa ta kwalta ce. Sau biyu na gaya masa." Da wane harshe ya gaya masa, da Larabci ko da Hausar da mutumin ba ya ji, wannan ban sani ba. Ina da nawa zaton.

Motar nan mun same ta a bakin ruwa inda muka bar ta, mijina ya tuƙa ta shekara tara yana ɗaukar nama, da ita muka aurar da 'ya'ya uku. Ni kuwa me na yi? Na gaya wa mata biyu uku cewa ba haka abin yake ba. Suka ce ayya, suka ci gaba da wanki. Ban koma bakin famfo na ɗaga murya yadda na ɗaga da farko ba. Na ce zance zai mutu da kansa. Mijina ya rasu, Inna ta rasu, matar Yaya ta rasu, zance bai ko yi mura ba.

Da ciwonsa ya yi nauyi bana, na je. Na zauna a bakin ƙofa na ce, "Yaya, ku yafe mini."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, kamar wancan karon. Ya ce wa bango, "A gaya wa Amarya ta rame. Sauran ya tafi."

Na ce, "Ranar nan ai motar za ta iya ɗaukarku. Ba ku kai rabin buhuna ba."

"A gaya mata ba ta ɗauka."

"Ƙarya ne, Yaya."

Ya yi dariya har ta zama tari. Da ya lafa sai ya juyo mini da kunne mai ji, ya kalle ni ni kaina, ba bango ba. Ya ce, "Amarya, yaran nan masu bindiga na kan benci sun fara tambayar buhunan. Ranar da kika yi ihun nan suka daina. Duk garin nan aka ɗauka mugun abu nake yi. Ba wanda ya ɗauka gudu za ku yi."

Na zauna ina juya maganar. Tamfol ɗin nan da aka bari ba a danne da dutse ba. Ranar Juma'a, ya san lokacin da nake kawo abinci. Mutumin da yake ɓoye batir a ƙarƙashin uwarsa.

Na ce, "Da gangan kuka rubuta 'sauran' nan?"

Ya juyo da kunne marar ji, ya rufe ido.

Har yau ban sani ba. Wata rana in ce tarko ya ɗana mini, ya san bakina kamar yadda ya san inji, ya taka ni na zabura. Wata rana in ce a'a, ya faɗa ne kawai don ya sauke mini kaya kafin ya tafi. Ko wanne ne, da sunansa ya biya, kuma ni na karɓa.

Wannan takarda matar jikansa za ta karanta ta ranar sadakar arba'in, a tsakar gida, cikin mata, da ƙarfi. Maƙwabciyarmu mai lafaya zan zaunar da ita kusa da ni, gefen da take ji. E, ya rubuta sunaye. Goma sha ɗaya ne, na gidansu ne, kuma duk mun tsallake. Wadda take da sauran tambaya ta zo ta same ni, ina nan, ba na barci da rana.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya masa makwanci. Ya auna kowa bai auna kansa ba. Ranar da za a kafa ma'auni, ya Allah, a zuba masa mu goma sha ɗayan nan a gefensa na dama, da dutsen niƙa, da gero, har da sauran Amarya.